Guzurin Ufayse

Ranar da ƙanwata Ufayse za ta dawo daga Sweden, ni na hana Inna buɗe ramin koco, abincinmu na gargajiya.

"Warin nan zai kore ta," na ce. "Mutanen can ba su saba ba."

Inna ta dubi ramin da ke bayan ɗaki, inda ɓargon inset, itacen nan mai kama da ayaba, yake binne wata biyar yana tsami, ta mayar da dutsen da ke rufe shi. Ba ta yi musu ba, don a ganinta ni na san Turawa.

Shekara goma sha tara ke nan da tafiyar Ufayse. Tana da huɗu, ina da bakwai, shekarar da Baba ya rasu ya bar mu biyar, aka ba wa wasu Turawa ita riƙo. Yanzu ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarenmu na Wolaita. Ni da na gudu daga makaranta a aji bakwai, na tsinci Turancina a bakin fasinjojin babur a garin Sodo, ni na zama tafinta. Kwana uku kawai za ta yi.

Na aro cokula da kujera, na sayo makaroni. Ta ci a kan kujera, tana godiya kamar baƙuwar coci. Inna na zaune a ƙasa tana kallon bakinta.

Rana ta biyu Ufayse ta ajiye cokali ta ce, "Akwai abin da nake tunawa. Mai tsami, mai ɗumi, a cikin ganye. Inna ta taɓa sa min shi a hannu."

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce makaronin ya yi daɗi."

Ba wari nake tsoro ba. Safiyar da aka zo ɗaukarta, Inna ta gasa ɗan kocon da ya rage mana, ta naɗe a ganye, ta danƙa mata guzuri. Ni aka sa na goya ta zuwa bakin titi. A hanya na ce ta kawo in riƙe mata, na cinye shi tas kafin mu isa mota. Ta shiga tana kuka, kowa ya ɗauka kukan rabuwa ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Safiya ta uku maƙwabciyarmu Dalgite ta buɗe nata ramin, iska ta kwaso tsamin har cikin ɗakinmu. Ufayse ta miƙe ba takalmi, ta bi shi ta cikin gona. Muka tarar da ita durƙushe a bakin ramin.

"Cinasho, Baturen ƙauye," in ji Dalgite tana kallona, "ba kai ka ce ba ta cin abincinmu ba? To zo ka janye ta, kafin ta faɗa min ciki."

Inna ta juyo. "Me ta roƙa jiya?"

Na faɗa mata. Da na fara sai na kasa tsayawa, na haɗa har da na bakin titi, a gaban Dalgite. Na so ta mare ni. Sai kawai ta dubi rana, don mota za ta zo da azahar, ta wuce ta ture dutsen raminmu.

Ta kira Ufayse da hannu, ba ta neme ni ba. Ta nuna mata yadda ake datsa zaren da ke cikin kocon da wuƙa, da yadda ake shimfiɗa ƙullun a ganye. Ufayse ta ɓata, Inna ta buge mata hannu, suka yi dariya. Ina tsaye jikin babur ina lissafi: na ci mata guzuri, yanzu kuma na ci musu kwana biyu da rabi.

Da ya gasu, Inna ta naɗe shi ta sa a hannuna.

"Kai mata. Ka kuma faɗa mata da bakinka."

Na faɗa da guntun Turancina, idona a ƙasa. Ufayse ta karɓa.

"Ban tuna wannan ba," ta ce. "Na dai tuna ina goye a bayan wani, da ƙashi yana sukar ƙirjina."

Ta buɗe ganyen ta gutsura. Tsamin ya sa ta runtse ido, ta ci gaba da ci. Da ta ga ina kallo sai ta ja shi jikinta ta yi magana.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce wannan karon ba za ta ba ni riƙo ba."

Inna ta dube ni sosai, ta ga gaskiya na faɗa. Ta koma bakin wuta ta ɗora wani.