Ƙanƙara a Haƙarƙarin Mama

Mamanmu ba ta taɓa yarda cewa wani abu yana yi mata ciwo ba. Ranar da ƙofar mota ta datse mata yatsa, "ba komai" ta ce, ta ci gaba da gaisawa da maƙwabciya. Shi ya sa washegarin da aka yi mata aiki a huhu, ta ƙananan huji uku tsakanin haƙarƙari, duk ɗakin babu mai gaskata ta.

Likitar da ta sa ta barci lokacin aikin ta shigo da safe, ta zauna a bakin gado. Ta ce ta saka siririyar roba a gefen ƙashin bayan Mama, inda magani ke bi yana kashe jijiyoyin da ke kawo zafi. In maganin ya kama, Mama za ta yi tari sosai. In bai kama ba, za ta riƙa danne tarin, majina ta taru a huhu, zazzaɓi ya biyo baya.

"Mama, akwai zafi?"

"Babu, 'yata."

Baba ya ajiye jaridarsa. "Likita, ki canza dabara. Matar nan ko ƙafa kika cire mata, sannu da aiki za ta ce miki."

"Ji mai magana," in ji Mama. "Mutumin da mura ke sa shi wasiyya."

Likita ta yi dariya, ta sa nas ta kawo ƙanƙara a kofi.

"Rufe ido, Mama. Ba na son amsa, fuskarki kawai zan kalla."

Ta ɗora ƙanƙarar a kafaɗa. Mama ta zabura. "Wayyo! Ke yarinyar nan!"

"Shekara talatin," Baba ya ce yana tafawa, "sai yau na ji wayyo."

Likita ta mayar da ƙanƙarar gefen bandeji. Ruwa yana ta gangara kan zanin gado, Mama ko gezau.

"To ki sa mana, ina jira," in ji Mama.

"Ai tun ɗazu tana jikinki."

Sai likita ta sauko da ƙanƙarar ƙasa kaɗan, wajen huji na uku. Hancin Mama ya motsa, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe.

"Nan ne maganin bai kai ba," likita ta faɗa a hankali. "Nan kika ɓoye mana."

Mama ta buɗe ido ɗaya. "Na ga aiki ya yi muku yawa ne."

Aka ƙara magani ta robar. Bayan rabin awa nas ta miƙa mata filo, ta ce ta rungume shi ta yi tari. Mama ta ja numfashi a tsorace, ta yi wani tari da har mai shara ya leƙo daga baranda. Ta tsaya tana sauraren jikinta, ta sake yin wani, ya fi na farko.

Sannan ta zuro ƙafafunta ƙasa.

"Kai mai jarida, nemo mini takalmina. Zan taka zuwa taga."