Fuskar Auta da Sunan Sabon Lilo

Saura ƙiris Auta ta ƙi rubuta sunan nan. Amma hannun Baba ya fara rawa, shi ya sa yanzu ita ke zana haruffa da fensir a jikin allo, shi kuma ya bi da fenti. Manajan wurin wasa ya kawo musu aikin allon sabon lilo, irin mai tsere a kan dogo yana kifewa da mutane a sama. Sharaɗinsa ɗaya ne: in sunan ya fita kafin ranar buɗewa, ya ƙwace aikin, kuma kada su ƙara sa ran wani.

Ta rubuta Shirwa, ta rufe da leda, Baba ya sa wa shago kwaɗo.

Daga ranar gida ya hana ta sakat. Yayanta shi ne shugaban wata ƙungiya a waya, mutum ɗari huɗu da ba su da aiki sai hasashen sunan lilon. Sun ga jan fenti a hannun Baba, suka ce Garwashi ne. Fentin hana tsatsa ne fa, kowane allon ƙarfe da shi ake farawa! Har Gwaggo, da ko tsani ba ta iya hawa, ta aiko a tambaya.

Matsalar Auta fuskarta ce. Tun tana ƙarama, in an faɗi abin da take ɓoyewa sai leɓenta ya hau rawa. Yaya ya san haka sarai.

Da la'asar tana wanke buroshi a tsakar gida ya jawo kujera ya zauna a gabanta da takarda.

"Ba sai kin yi magana ba, Autar Baba. Kalle ni kawai. Aradu?"

"Yaya, don Allah."

"Mesa? Guguwa? Tashin Hankali?"

"Wannan kam sunanka ne."

"Kin ga leɓen nan ya motsa!"

"Sauro ne. Kai ba ka da wurin zuwa ne?"

Haka ya jero talatin, tana ta dirzar buroshin da ya riga ya fita tas. Da wayarsa ta yi ƙara ya miƙe, ya ce saura ashirin, gobe wurin karin kumallo. Ya bar takardar a kan kujera. Ta leƙa. Na uku a cikin na goben, ga shi nan ɓaro-ɓaro: Shirwa.

Ta yi tsaki har sau biyu. Ta je gaban madubi ta faɗi sunan a hankali, leɓen ya ci amanarta nan take.

Washegari da safe ta fito sanye da takunkumin feshin fenti na Baba, wanda ke rufe hanci da baki har haɓa. Ta ture kofin shayinta gefe, ta zauna daidai gaban Yaya.

"Karanto," ta ce daga ciki. "Ina da aiki."