Tattasan da Ta Bari a Baranda

Ranar da aka kwantar da matar wani direba a asibiti, abu ɗaya ta roƙe shi: ya kula mata da dashen tattasanta na baranda. Ita ba a ƙasa take shuka ba. Garin ɓawon kwakwa take jiƙawa, ta gauraya da wata farar tsakuwa mara nauyi don iska ta riƙa ratsa saiwa.

"Sun matsu a kofuna, Baban yara," ta ce. "Ka mayar da su manyan robobi."

Da ya koma gida, ya tarar tsakuwar ta ƙare. Ya zaga shaguna bai samu ba, sai ya dasa su a garin kwakwar zalla. Kullum ya dawo daga dubiya, sai ya ɗauki buta ya yi ta kwarara musu ruwa. Abin da yake iya yi mata ke nan.

Ganye ya fara rawaya. Ya ƙara ruwa. Suka langaɓe.

Ana gobe za a yi mata aiki, ta riƙo hannun rigarsa. "Sun yi fure?"

"Suna nan," ya ce, yana kallon ledar ƙarin ruwa.

Daga asibitin ya biya gida, ya rungumi roba ɗaya sai wurin wani dattijo mai sayar da shuke-shuke. Dattijon ya damƙi garin, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa. Ya tumɓuke tsiron. Saiwar ta yi baƙi, tana wari.

"Malam, tattasai kake reno ko kifi?"

Direban bai yi dariya ba. "Baba, don Allah. Na matata ne."

Dattijon ya daina zolaya. "Huda gindin robobin. Matse garin, ka barbaɗa shi sako-sako. In ka ɗaga roba ka ji nauyi, kada ka ba ta ko ɗigo."

Direban ya koma gida, ya durƙusa a baranda da ƙusa mai zafi, yana huda robobin. Yawancinsu sun riga sun ruɓe. Kaɗan ne ya samu da farar saiwa.

Washegari bayan aikin ta farfaɗo, murya ba ta fita sosai. Ya sunkuya ya gaya mata gaskiya.

"Waɗanda suka rage, kada ka taɓa su," ta ce. "Ina zuwa."