Ranar da Kallamu Ya Kai Ƙarar Kansa

Kallamu mutumin Maraɗi bai san wani abu wai shi takarda ba. In ya kama hannunka ya ce an gama, to an gama. Haka ya yi da tsoho Liang, maginin da ya ɗauko a 1998 ya gina masa wurin alwala a bayan siton da yake haya a titin Liuhua Lu, can garin su Liang inda muke zuwa sarin kaya. Kallamu ya gaji da tsuguno bakin kwata da buta, 'yan gari na kallonsa. Mai gidan kuwa ko sallama ba a yi masa ba.

Aiki ya yi kyau, har da tayil shuɗi. Sai kwantenar Kallamu ta maƙale a Kwatano, aljihu ya bushe ƙaf. Liang ya riƙa zuwa, ya sha shayi, ya gyara famfon da lafiyarsa ƙalau, ya tafi bai tambayi kuɗin aikinsa ba. Duk mun san matar tsohon na asibiti.

Ni Barmo ni ne mai ɗan boko a cikinmu, ni na karanta masa takardar hayar. Ma'aikacin da ɗan haya bai biya ba zai iya karɓar haƙƙinsa daga kuɗin ajiyar da ke hannun mai gida, muddin ya kai kuka cikin kwana talatin da gama aiki. Amma wanda ya taɓa gini ba izini, ya tattara ya fita. Ranar nan kwana ashirin da tara.

Na ce, "Ka ja bakinka, gobe wa'adi zai wuce. In kwantena ta fito ka sallami Liang."

"Shi ya san da zancen wa'adin ga?"

"Sarai. Ya daɗe yana wa mai gidan nan aiki."

Kallamu ya ce, "Ashe don kar a kore ni yake shiru? Barmo, in matar ga ta rasa magani, mi zan ce ma Allah?"

Wallahi raina ya ɓaci. Sito kusa da tashar jirgi, a wannan kuɗin! Na faɗa masa Maradawa ba su iya kasuwa ba, ya ce ya ji.

Washegari ya damƙi hannun rigar Liang sai ofishin mai gida, tsoho na turjewa yana "Meiyou, laoban, meiyou!", wato babu komai, maigida. Kallamu ya dangwala yatsa cewa shi ya sa aikin. Aka biya Liang nan take, aka ba Kallamu kwana uku.

Ranar tashi Liang ya zo da kekensa mai ƙafa uku ya loda kaya, idanu jajir, yana ta zazzaga masifa da yarensu. Kallamu na bayansa yana tura keken, ko kalma ɗaya bai ji ba, duk abin da tsohon ya faɗa sai ya ce, "Amin."