Igiyar Inna

…kuma wai yau take son amsa. Doguwa abokiyar aikina ta ce mai gidan ba zai ƙara jira ba, ɗakin hayar da ke jikin nata ne, a bayan kamfanin ɗinkin da muke aiki. "Ki tashi rana ta fito, ki yi wanka a tsanake, ki tako da ƙafarki." Rana ta fito! Yaushe rabon da in ga fitowar rana a tsakar gida? A motar nan nake ganinta kullum, gwiwar wani a bayana, kwandon wata a cinyata.

Mun sake tsayawa. Ko gada ba mu kai ba. Rigar aikin nan kuma ba ta bushe ba, sanyinta har cikin ƙashina... ruwan jiya ne, dole na shanya ta ƙarƙashin rumfa, a igiyarki, Inna. Ki yi haƙuri, na san ba ki so.

A duhu na zuba miki ruwan alwala, kika koma barci, na fito. In na dawo kina gyangyaɗi. Gida ɗaya, amma hanya ta fi ki sanina. Ita ke cinye safiyata da yammata, ragowar nake kawo miki, ragowar ma barci ne.

"Ki kwashe ta ku koma mana, ɗaki ai ɗaki ne." Yaya ke nan a waya. Yaya, da muryarsa kaɗai ke zuwa gaishe ki. Ɗaki ɗaki ne ga mai ido! Yana ina ranar da na kai ki gidan Goggo kika kwana? Da safe na same ki tsaye a tsakiyar ɗaki, hannu a miƙe, kina laluben iska — "'Yar nan, ina bangon? Ina suka kai bangon?" — zanenki a jiƙe, don ba ki gane hanyar banɗaki ba, kuma kunya ta hana ki kira. Tsohuwar da ta yi mini wanka tana kuka a gabana kamar yarinya. Ba ki ci abinci ba ranar.

A gidanmu kuwa wa zai ce ba ki gani? Daga ƙusar bakin ƙofarki har banɗaki, igiya. Ke kika ce in ƙuƙƙulla ta. Ƙaramin ƙulli, randa tana dama. Babban ƙulli, tsaya, a nan matakala take, ƙasanta kwata. Ki kama ki tafi abinki har da 'yar waƙarki. "Ni da akuya ba mu da bambanci yanzu, kowa da igiyarsa." Ki yi dariya, ni in juya baya.

To a can fa? Ɗaki a bene. Banɗaki na haya, a bi layi da mutanen da ba su san ki ba. A wane bango zan kafa ƙusa? Wa zai bar igiya ta ratsa masa ƙofa?

Direba, don Allah... kutsa kai mana, ga wancan ya wuce.

Mai Agogo, shugabanmu a wurin aiki, zai kasance a bakin ƙofa. Ba ya faɗa, da ma faɗa yake yi da sauƙi. Ya dubi hannunsa, ya dube ni. "In kika sake makara, kada ki wahalar da kanki shigowa." Ya ga farcena kuwa, ya gani, ranar da barci ya ɗauke ni a kan keken ɗinki allura ta shige ta fito ta ƙasa. Ban ma ji zafi ba sai da na ga jini a wuyan rigar mutane. Ya ce in wanke rigar tukuna.

Ko in tafi ni kaɗai? Ga shi nan, na faɗa. In kama ɗakin, in riƙa zuwa ranar hutu, matar makwabci ta riƙa leƙa ki — ita da ke fita kasuwa tun da sassafe, sai la'asar. Ina son ɗakin nan, Inna. Ina son shi har ina jin kunyar kaina. Jiya da Doguwa ta buɗe mini shi, ba komai ciki sai tabarma da taga, na ji kamar in kwanta a wurin kada kowa ya tashe ni. Barci kawai nake so. Laifi ne? Wace irin 'ya ce ke tsayawa a ɗakin da ba uwarta ta ji daɗi?

"Kuɗin mota, baiwar Allah." Kwandasta. To, to, bari in... ina na sa... wash! Me ya soke ni?

Ƙusa.

Me ƙusa ke yi a jakata? Ƙusa mai tsatsa, kanta a lanƙwashe, da ɓurɓushin siminti a... a'a. A'a, Allah. Na fizgi rigar a duhu, na ji abu ya faɗi ƙil, igiyar ta zube. Na tsinci ƙusar. Na ce bari in sa takalmi in ɗauko dutse in maida. Sai na ji hon a bakin titi — motar farko, in ta wuce shi ke nan — na ruga. Ban maida ba. Igiyar tana ƙasa.

Waya. Ɗauka, Inna, ɗauka... tana ƙarƙashin filo, ba ki jin ta. Matar makwabci — a kashe. Yaya? Me Yaya zai yi daga can, ya ba ni shawara?

Yanzu kuma motar ta samu hanya. Yanzu! Mun hau gada, ba a tsayawa a gada. Ga motoci can a ɗaya hannun, suna komawa wajenmu ba kowa ciki. In na sauka a ƙarshen gada na tsallaka, aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, maganinki ma ya tafi. In na zauna...

Wataƙila ki laluba ki ji babu, ki koma ki zauna. Ke? Ke da ba ki jiran kowa tun ranar gidan Goggo? Za ki ce ai ƙafata ta san hanya.

Rana ta fito, ga ta a gilashi. Daidai lokacin da take taɓa ƙofarki kike tashi. Ki gyara ɗankwali. Ki sa hannu sama wajen ƙusa...

"Akwai mai sauka?"

Kwandasta ne, mun zo ƙarshen gada. Ƙusar tana cikin tafin hannuna, na damƙe ta, Inna, na damƙe, kamar hakan zai riƙe miki wani abu.