Matsa Ɗaya E, Matsa Biyu A'a

Tun a cikin mota ƙanena Mai Walda ya fara ba mu darasi, kamar waɗanda za su tsaya gaban alƙali.

"Auta, ja mayafin nan ki rufe abin kunnen. Yaya, ke zauna ta damanta, ni ina hagu. In aka yi tambaya ba ta ji ba, zan matsa mata gwiwar hannu. Sau ɗaya, ta ce e. Sau biyu, ta ce a'a. Mu shiga lafiya mu fito lafiya."

Da ƙarfi yake faɗa, har na kujerar gaba suna waiwayowa. Haka maganarsa take kullum, rabi saboda ƙarar injin shagonsa, rabi saboda 'yarsa. Zazzaɓi ne ya taɓa wa Auta kunne tun tana ƙarama. Da 'yar na'urar da ke kunnenta tana jin mutum in yana kusa, sauran kuma a bakinsa take karantawa. Amma in ɗaki ya yi girma, ko mai magana ya juya baya, to an bar ta a tasha.

A ranar, jami'a ta buɗe ƙofa ne don masu son shiga su zo da iyayensu su ga wuri. Auta ta ƙwallafa rai a kan karatun zanen gine-gine. Shi kuwa ubanta, wani da ya kawo masa gyaran ƙofa ya taɓa gaya masa wai jami'a ba ta ɗaukar mai larura, ana ganewa ake sallamar mutum. Maganar ta zauna masa daram. Da ƙyar ya yarda muka zo, shi ma da sharaɗi.

"In na ga ba za ta iya bin darasi ba, magana ta ƙare," in ji shi. "Ba zan kai 'yata inda za a riƙa yi mata dariya ba. Ta zauna kusa da ni."

Ni an taho da ni ne don wai na fi kowa sabon ilimi a gidan, tunda sai da 'ya'yana suka girma na shiga aji. Na so in ce wani abu a kan wannan dabara ta matsa hannu, sai na ga Auta ta ƙifta min ido, na fasa.

A bakin ƙofa aka haɗa mu da wani ɗalibi dogo mai rawayar riga, shi zai zaga da mu. Abin mamaki, da baya da baya yake tafiya, fuskarsa tana kallonmu, yana bayani.

"Yaron nan sai ya faɗa kwata," in ji Mai Walda.

"Baba, na haddace hanyar," in ji ɗalibin yana dariya. "Sau ɗaya na taɓa karo da shugaban sashe, shi ma ya yafe min."

Auta kuwa kakarta ta yanke saƙa, don bakinsa a gabanta yake, ko kalma ɗaya ba ta wuce ta ba. Ya kai mu ɗakin karatu, bene kan bene, da ƙananan ɗakuna na gilashi inda ɗalibai ke zama su yi ta musu ba su dami kowa ba. Ya nuna mana asibitin ɗalibai, da filin wasa, da wani ɗaki mai fentin tsuntsaye inda masu goyo ke ajiye yara su tafi aji. Ya ce kafin mutum ya gama, sai an tura shi wani kamfani ya yi wata da watanni yana koyon aiki da hannunsa. A sashen zane muka tarar da wani inji yana fitar da ɗan ƙaramin gida na roba, da tagoginsa da matakalarsa, kaɗan-kaɗan kamar mai saƙa. Auta ta tsaya a gabansa, sai da na ja ta.

Ubanta kuwa ba injin yake kallo ba. Duk ƙarfen matakalar da muka wuce sai ya kama ya girgiza, ya leƙa mahaɗinsa.

"Yaya aikin?" na tambaye shi.

Ya taɓe baki. "Ba laifi."

A bakinsa wannan babban yabo ne.

Muna cikin tafiya ɗalibin ya nuna wata ƙofa shuɗiya ya ce nan ne ofishin taimaka wa ɗalibai masu larura, duk mai buƙata yana iya leƙawa. Mai Walda ya damƙe hannun Auta ya ƙara sauri.

"Tarko ne," ya raɗa min, irin raɗarsa da ake ji daga ƙarshen layi.

Daga nan aka shigar da mu wani babban ɗaki mai kujeru hawa-hawa, wai za a ɗanɗana mana yadda darasi yake. Malamin gajere ne mai sanƙo da fara'a. A kan teburinsa akwai 'yan gadoji biyu da aka haɗa da siraran itace, ɗaya mai kauri, ɗaya siririya mai sanduna a gicciye. Da farko yana kallonmu, Auta tana gyaɗa kai. Can sai ya juya wajen allo yana nuna hotuna yana ta magana. Na ga kafaɗunta sun sauka. Na san an bar ta.

Bai gama juyowa ba ya riga ya jefa tambayar: a cikin gadojin nan biyu, wacce za ta fara karyewa in aka ɗora musu nauyi? Ya ɗaga yatsa yana neman wanda zai kama, yatsan ya sauka a kanmu.

"Ke mai koren mayafi. Me kika gani?"

Kafin in juyo da fuskata in maimaita mata, ubanta ya riga ya matsa. Sau ɗaya.

"E," in ji Auta.

Dariya ta ɗan taso daga baya. Malamin ya karkata kai.

"E, wacce?"

Mai Walda ya rikice. Ya matsa sau biyu.

"A'a," in ji Auta.

Sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma dariya ce, kuma Auta ba ta buƙatar kunne kafin ta gan ta. Na dubi ƙanena, zufa ta karyo masa. Garin neman gira ga shi za a rasa ido. Ya fara tattara hularsa.

"Tashi mu tafi," ya ce.

Auta ta tashi, amma ba don tafiya ba. Ta zare gwiwar hannunta daga hannunsa a hankali, ta ɗan ja mayafinta baya har na'urar ta fito fili.

"Malam, ka yi haƙuri. Ba na ji sosai. Da ka juya baya ban ga bakinka ba. Maimaita min tambayar."

Mai Walda ya koma ya zauna, ya rufe ido.

"Ash! Ai da kin faɗa tun a ƙofa," in ji malamin. Ya danna wani abu a teburinsa. "To, yanzu fa?"

Sai ga "To, yanzu fa?" ya fito a rubuce a ƙasan allo, manya-manya. Duk abin da ya faɗa, rubutu yana bin sa a guje. Ya maimaita tambayar. Auta ta karanta, ta dubi gadojin da kyau.

"Siririyar ce za ta fara karyewa."

"Haka kika ce? To sauko ki karya ta da kanki."

Ta sauka. Ya miƙa mata ƙarafan awo, tana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Mai kaurin ta lanƙwashe, ta yi ƙaras, ta zube. Siririyar ko gezau. Auta ta riƙe baki, sannan ta tuntsire da dariya, ta durƙusa tana leƙen sandunan da ke gicciye.

"Waɗannan ne suka raba nauyin?"

"Kin faɗi tambayar farko, kin ci ta biyu," in ji malamin. "Ta biyun kuwa ke kika yi wa kanki ita."

Aka tafa mata. Ubanta bai tafa ba. A lissafinsa an gama da mu: ga asiri ya tonu, ga amsa ba daidai ba. Da muka fito ya nufi hanyar waje, Auta kuwa ta nufi shuɗiyar ƙofar nan. Ya tsaya yana kallona.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," na ce masa. "Mu je."

Wata mata mai tabarau muka tarar, ta ba mu kujeru. Na lura tana fara magana ta kawar da kofin da ke gabanta, ta fuskanci Auta sosai. Mai Walda bai jira gaisuwa ta ƙare ba.

"Hajiya, ki faɗa min gaskiya kar mu wahalar da juna. Tunda kun gane, ba za ku ɗauke ta ba ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Wani ne a shago."

"A wace jami'a yake aiki?"

"Ƙofa ya kawo gyara."

Matar ta yi murmushi. "Baba, jarrabawa ce ke shigo da mutum nan, ba kunne ba. In ta ci, ta shigo. In ba ta ci ba, ko tana jin tafiyar tururuwa ba za ta shigo ba."

Ta zayyana mana abin da suke yi. Rubutun nan na allo yana kowane babban aji. Ana ɗaukar darasi a ajiye, ɗalibi ya sake kallo a ɗakinsa. A ɗakin kwana kuma akwai fitila mai walƙiya in an ƙwanƙwasa ƙofa ko ƙararrawar gobara ta tashi. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, akwai malaman da sai an yi ta tuna musu, kuma rubutun yakan yi shirme wani lokaci, dole Auta ta zama mai buɗe baki ta yi magana.

"Wannan kam mun gani yau," na ce.

Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ɗan abu kamar maɓallin riga. Ta ce malami ke maƙala shi a wuya, muryarsa ta tafi kai tsaye cikin na'urar ɗalibi. Ta ɗan taɓa na'urar Auta ta daidaita, ta maƙala wa Mai Walda abin a wuyan riga.

"Fita waje ka ja ƙofa, ka yi mata magana. A hankali fa."

"Ni ban iya a hankali ba."

"Yau za ka koya."

Ya fita. Ni ban ji komai ba. Can sai idon Auta ya buɗe, ta kai hannu kunne.

"Ina ji, Baba!" ta ɗaga murya. Ta juyo gare ni. "Gwaggo, ashe muryarsa tana da daɗi."

Matar ta ɗauko wasu hotunan ɗakunan kwana tana nuna mata. Da na ga bai dawo ba, na bi shi. Na same shi a ƙarshen baranda ya dafa ƙarfe, wannan karon bai girgiza shi ba. Yana ta goge fuska da hula.

"Zafi ake yi," ya ce.

"Ƙwarai."

Muka tsaya. Na bar shi, don na san halinsa, in aka tambaye shi ba ya faɗa. Da ya buɗe baki kuwa, ƙasa-ƙasa maganar ta fito, har sai da na matso.

"Yaya, shekara da shekaru ina yi wa yarinyar nan ihu kamar mai kiran kwale-kwale. Kuma yau ni na sa aka yi mata dariya."

"Ita ma ta yi tata dariyar ai."

Ya ja numfashi. "Zan bar ta ta zo. In ta ci, da kaina zan kawo ta. Amma ki rufa min asiri, kar ki gaya mata yanzu. In ta ji na sauko da wuri za ta yi sake da karatu. Bari in ɗan ƙara ɗaure fuska zuwa jarrabawa."

Shuɗiyar ƙofar ta buɗe. Auta ta leƙo, hannunta ɗaya a kunne, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Baba," ta ce, "Hajiya ta ce in ka gama ka kawo mata abinta. Yana wuyan rigarka."