Tumunina a Cikin Injin Datsun

Mijina Sabiru ya rasu ya bar mana gida a unguwar Bani Harisa, nan ƙasa mai tsarki, da warshar gyaran motoci, da wata tsohuwar Datsun ruwan lemo mai kujera biyu. Gida da warsha an raba mana yadda addini ya ce. Motar kuwa ba wanda ya yarda a sayar, sai muka bar ta ta zama tamu mu uku: ni, da ɗana Haisam, da ƙanwarsa Wafa.

A bayan tirela Sabiru ya kawo ta daga tashlih, inda ake zubar da matattun motoci. Ranar na ce masa, "Baban Haisam, wannan ai ko kaji ba za su kwana a ciki ba." Ya yi dariya kawai. A hankali ya tashe ta. Daga baya ya ce injinta ba shi da numfashi, ya cire shi ya ajiye, ya dasa mata na wata ƙatuwar motar Amurka mai fulogi takwas. Lokacin ciwon ajalinsa ya riga ya kama shi. Yakan ɗaure ƙusa biyu ya zauna ya huta, ni kuma ina riƙe masa shayi. Dasa injin nan shi ne aikinsa na ƙarshe. Bai taɓa taka ta yadda yake so ba, daga gida zuwa Uhudu ne kawai mu dawo, yana tsoron kyamarar hanya.

Bayan na fita takaba, wata rana muna cin abincin rana Haisam ya ce akwai wata ƙungiya da ke shirya tseren 'yan sha'awa a wani fili bayan gari, yana so ya shigar da motar.

Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Ka dai sa hular kwano."

Ya ce, "Ya Ummi, akwai mushkila. Motocin aji-aji ne."

Ya yi min bayani rabi Hausa rabi Larabci. Akwai ajin tsofaffin motoci, amma sai mota tana da injin da aka haife ta da shi. Akwai kuma buɗaɗɗen aji, inda kowa ke zuwa da abin da ya ƙera. A ajin tsofaffi, in ji shi, kofi nasa ne, don yawancinsu dattawa ne masu tsoron a goge musu fenti. A buɗaɗɗe kuwa yaran Jidda ne da sababbin motoci masu kwamfuta.

"To sai me?"

"Sai in sauke injin Baba in mayar da na asali. Yana nan a warsha. Sati ɗaya, halas, an gama."

Wafa ta ajiye cokali. Ni kuma na gama tauna abin da ke bakina.

Na ce, "Haisam, motar nan ta wa ce?"

"Tamu ce. Amma kasona ya fi rabi."

"Na sani. Ni tumuni ne nawa, ɗaya cikin takwas. To tumunina a injin yake."

Ya ce, "Ummi, ba haka ake rabon gado ba."

"To ɗauko malami ya zo ya nuna min inda nawa ya tsaya. In a taya yake, in cire abata in kai ɗaki."

Wafa ta ce, "Ni ma nawa kason a sitiyari yake. Ka yi tseren da addu'a."

"Ke uskuti, rufe mana baki, ke da ba ki iya fakin ba."

"Ni na goge ƙofar maƙwabci, ko kai?"

Ya tashi ya bar shinkafarsa. Kwana biyu yana gaishe ni da ƙyar, kamar mai ciwon haƙori. Ya san ba ya da ikon taɓa kayan tarayya sai da yardarmu, ubansa ya koya masa wannan. Da na ga abin ya yi tsawo na same shi a warsha, yana tsaye a kan tsohon injin ya yaye masa tampol.

Na ce, "Ba kofi nake hana ka ba. Ubanka ya mutu bai ji iyakar gudun abin nan ba. Ni ina so in gani a madadinsa, ko sau ɗaya. Bayan nan in ka ga dama ka sa mata injin keken ɗinki."

Can ya ce, "Za su yi min dariya."

"Su yi. An yi wa ubanka a kan motar nan, ni ce ma ta farko."

Ya mayar da tampol ɗin.

Ranar tseren Wafa ta tuƙa ni. Aka ba mu kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Ajin tsofaffi suka fara, a natse, kamar masu rakiyar amarya. Da aka zo buɗaɗɗen aji, tamu ce kaɗai tsohuwa a layin. A miƙaƙƙiyar hanya ta wuce biyu daga cikin yaran Jiddan, har na miƙe tsaye ban sani ba, ina kuka ina dariya, Wafa na jan abayata. A kwana kuwa sai gindinta ya riƙa wutsil-wutsil, duk suka dawo suka wuce Haisam. Ya zo na biyun ƙarshe. Wanda ya zo bayansa ma hayaƙi motarsa ke yi.

Ya fito jiƙe da gumi, ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya shanye ruwana. Na ce masa alkawari na nan, yanzu yana iya sauke injin.

Ya ce, "Injin ba shi da laifi. Tayoyin baya ne suka yi mata sirara. Wafa, in na sa masu faɗi, a kason wa za su shiga?"

Ta ce, "Naka. Kai ne mai fiye da rabi."